Matar Jikin Takarda a Gidan Ruwais

'Yan'uwa, wallahi abin nan a kaina ya faru, ba labari aka ba ni ba. Shekara huɗu ke nan, lokacin ina aikatau a ƙasar Larabawa, a gidan wani tsohon Balarabe a unguwar Ruwais, kullum daga unguwar Waziriyya nake tahowa da 'yata Rahma, tana shekara uku, don ba ni da iƙama, takardar izinin zama, balle in sami inda zan ajiye ta, ubanta kuma an riga an kama shi an mayar gida.

Tsohon nan, Ammi muke ce masa, ba shi da aiki sai tara takardun tallan fim na Jamusawa, manyan nan da ake liƙawa a ƙofar silima, waɗanda aka buga lokacin yaƙinsu. Ya ce duk mutanen jiki sun mutu, silimomin ma bam ya cinye su. Ɗaki guda ya ware musu, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na hura sanyi ba dare ba rana, wai zafi na ɓata takarda. Kicin ɗin da nake wuni kuwa ko fankar kirki babu. Sharaɗinsa ɗaya, in share ƙasa, kada ruwa ya kusanci takarda.

Rahma duk ƙurajen zafi sun feso mata, shi ya sa in Ammi ya kwanta bayan azahar sai in shimfiɗa mata zani a ɗakin nan in koma wanke-wanke. Ku gaya min, laifi na yi?

Akwai wata takarda da bai sa wa gilashi ba tukuna, tana manne a allo an jingine da bango. Mace ce fara fat, gashi kamar gemun masara, tana tsaye bakin jirgin ƙasa, ta miƙo hannu ƙasa-ƙasa daidai tsayin yaro, amma babu yaron. Ni mai lura ce, tun ranar farko ban so hannun nan ba.

Ba a yi sati biyu ba Rahma ta fara wata waƙa, ba Hausa ba, ba Larabci ba. Na ɗauka shirmen yara ne, har ranar da Ammi ya ji, ya ajiye kofin shayinsa ya tambaye ni ina ta koyi Jamusanci, wai waƙar lallashin jariri ce. Dariya ma ya yi! Mu ba talabijin gare mu ba, wayata kuma 'yar ƙaramar nan ce mai tocila.

Daga nan ta daina ce min Mama. In na miƙa mata hannu sai ta ɓoye na damanta a baya, ta ce na Mama ne. Ran nan na leƙa ɗakin na same ta tsaye gaban takardar, hannu a sama, yatsu a matse kamar an riƙe su. Na ja ta, wallahi tallahi sai da na ji ana ja ta ɗaya gefen, hannun nan kuma sanyi kamar naman firiza.

Abin da na taso na gani, kakata in hoto ya shigo gida a kwali ko kalanda, ido take fara ƙwaƙulewa, ta ce ta nan suke leƙowa. Ban yi shawara da kowa ba. Na jiƙa soson wanke-wanke na murje idanun matar, takarda ta narke kamar biskit a shayi.

Ammi ya durƙusa gaban allon yana kuka, tsoho da hawaye shaɓe-shaɓe, wai ta tsira daga wutar yaƙi ta zo ta mutu a hannun jahila. Na ce, "Ammi, 'yata fa?"

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Yalla, ki fita kafin in kira 'yan sanda."

Waƙar a ranar ta tsaya. Na kai ta wajen wani malami a unguwar Madain Fahd ya yi mata ruƙiyya, ta koma ce min Mama, alhamdu lillahi. Amma ga shi tana shekara bakwai, in za mu tsallaka titi hannun hagu take ba ni, na daman ba ta taɓa bari na riƙe ba. Sau ɗaya na tambaye ta dalili, ban kuma ba. Ta ce, "Ba ta gani yanzu, Mama. Ni nake jan ta."

Iyaye mata masu aikatau, don Allah kada sanyi ya ruɗe ku ku bar ɗa shi kaɗai da hotunan matattu. Ku goya abinku a kicin. Ƙuraje suna warkewa.