Buhun dawar Kawu

A unguwarmu ta Suleja, duk wanda yake aiki a Abuja mai kuɗi ne, ko da shara yake yi. Ni kuwa har tebur gare ni, ga albashin da in na faɗe shi a ƙauyenmu sai an riƙe baki. Da farko gaskiya ne, yana kai mu ƙarshen wata har ya yi saura. Na sayi 'yar mota, na sa tayil a falo, aka fara kira na Alhaji tun ban taka ko filin jirgi ba. Ban hana ba. Daɗi nake ji, ba zan yi ƙarya ba.

Sai kuɗin man fetur ya tashi. Na lulluɓe motar da tamfol, na ce wa mutane inji ne ya buga. Na koma tsayuwar bakin titi bayan sallar asuba, a cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba. An yi mana ƙarin albashi, har ana zuwa yi mini murna, amma kafin ya iso hannunmu kasuwa ta riga ta ji labari. Kuɗin mota ya ci nasa, makarantar yara ta ci nata. Nama ya koma na ranar Juma'a, daga baya Juma'ar ma ta zama kamar Talata.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, manomi a wani ƙauye bayan Gawu Babangida. Tsoho ne siriri mai takalmin roba. A idona talaka ne tilis, ni nake ba shi tsofaffin riguna. Tun da abubuwa suka tsananta, duk bayan girbi sai ya zo da buhun dawa. Na ɗauka tsaraba ce. Ni kuma don kada a ce hannun Alhaji ya bushe, sai in sa a auna rabi a bi maƙwabta da shi, har da mai shagon siminti wanda ya fi ni komai. Maiɗakina ce take aunawa da mudu.

A shekara ta uku, an sauke buhun ke nan muna zaune da Kawu a falo, sai ga wani maƙwabci ya shigo gaisuwa. Yana ganin buhun ya washe baki.

“Kai, Alhaji! Bana ma za mu sha? Ta bara har yanzu muna santi.”

Bayan ya fita, Kawu ya juyo gare ni.

“Ɗana, dawar nan rabawa kake yi?”

“E, Kawu, ɗan abin da ba a rasa ba.”

“To akwai magana. Ba tsaraba nake kawo maka ba. Zakkata ce.”

Wallahi sai da kunnena ya yi zafi. Ni? Ni za a ba zakka? Saura kaɗan in ce masa ya kwashe kayansa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Na ɓoye ne don kada in karya maka zuciya. Na ga ciyawa ta fito a ƙarƙashin motarka, na kuma ci miyar gidan nan. Malaminmu ya ce wanda samunsa ba ya riƙe shi da iyalinsa, ya halatta a ba shi. Amma in har kana da na rabawa, to ni na yi kuskure, na kai haƙƙin Allah inda ba wurinsa ba. Sai in koma in sake fitar da ta shekara biyun da suka wuce. Ka faɗa mini gaskiya, kana da buƙata ko ba ka da ita?”

Na san abin da sake fitarwar take nufi, sai ya taɓa abincin gidansa. Na kuma tuna tun da na fara aiki ban taɓa fitar da zakkar dukiya ba, don ba abin da ya taɓa shekara a hannuna. Wannan tsohon da nake jin tausayi kuwa, duk kaka sai ya fitar. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

A tsakar gida maiɗakina tana wanke-wanke. Na ji ƙarar kwanukan ta tsaya cak.

Na ce, “Kawu, kada ka sake fitar da komai. Ta zo inda ya dace.”

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya buɗe tafukansa yana jira. Addu'ar wanda aka ba yake so. Na san ta sarai, amma ban taɓa zama a wannan ɓangaren ba. Na ɗaga hannu.

“Allah ya karɓa, Kawu. Allah ya ƙara arziki.”

Ya shafa, ya ce, “Amin. Bana kada ka raba.”