Levi Mai Waya da Rudun Fadamar Alhaji Mode

Kafin masu shaguna a Wurno su gama buɗe ƙofofinsu, Levi Bawa ya riga ya ɗaure tsaninsa a bayan babur ya rataya jakar kayan aiki. Matarsa Elisabatu takan biyo shi har ƙofar gida da gorar kunu, tana maimaita maganar da ta shekara goma sha bakwai tana yi, wai mutum ba ya hawa falwaya da cikin wofi. Shi kuma ya karɓa ya ce ya ji, ya burga babur ya yi gaba. Yau Achida, gobe Rabah, jibi Goronyo, duk inda wayar intanet ta kamfaninsu ta bi, can ƙafarsa take. Ranar Lahadi ce kawai ba a ganinsa sai an taso daga coci, ita ma ɗin sau da yawa da rigar cocin yake hawa tsani.

Mutumin Zuru ne. Da ya zo, mutanen Wurno ba su wahalar da bakinsu ba, suka mayar da Levi Lawi, shi ma ya amsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa ya dace a faɗi alherinsa yana ji da kunnensa, domin yabon da aka jinkirta har mai shi ya kwanta dama bai amfane shi da komai ba.

Shekarun farko daɗi ake sha. Ma'aikata shida kamfanin ya ajiye a yankin, da mota, da lambar da in ka kira mutum ne zai ɗauka ya gaishe ka. Daga baya kamfanin ya sauya hannu, sai abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shida suka koma uku, uku suka koma Levi shi kaɗai. Motar ta tafi gyara Sakkwato, har yau ana jiran dawowarta. Lambar koke ta koma gidan kiɗa, ka yi ta saurare har kunnenka ya yi zafi, in Allah ya sa an ɗauka a ce maka ka kashe ka kunna. Sabis ɗin da da yake gudu ya koma rarrafe, wani lokaci ya kwanta kwana biyu cur. Jama'a suka fusata, kuma da gaskiyarsu. Matsalar ita ce kamfani ba shi da fuska a Wurno, fuskar Levi ake gani, ga lambarsa a wayar kowa.

Haka ya sami sunan Lawi Ba-Sabis. Mai shayin bakin tasha ne ya raɗa masa, kafin mako guda har Goronyo an ɗauka. Yana wucewa a ce, "Ba-Sabis, yau ma ta mutu ko ta suma?" Ya yi murmushi ya ce, "Suma ta, yanzu nika zuwa in yayyaha mata ruwa." Amma Elisabatu ta san sunan yana ci masa rai. Wayarsa in ta yi ƙara sai ya ja numfashi kafin ya ɗauka, saboda an yi shekaru ba wanda ya kira shi don a gaisa.

Kai ne, Malam Lawi, ba ka taɓa ce wa mutum ana kan gyara ba alhali ba a yi. In abin na hannunka ne ka ce ga ka nan tafe, in na kamfani ne ka faɗa ba ɓoyo, ko da za a zage ka a madadinsu. Kai ne ma'aikaciyar jinyar ƙauyen Boyekai ke ba da labarin yadda ka tura babur a cikin laka har ƙofar asibitinta, don kawai ta samu ta aika rahoton allurar yara a ranar da aka ɗiba mata. Ba ta ma ba ka wurin zama ba a ranar, don haushi, kuma har yau tana jin kunyar abin.

Amma labarin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na shekarar rudu.

Malama Khadijatu tana da cibiyar kwamfuta a Wurno, wadda ta sha fama kafin a yarda a riƙa rubuta jarrabawar shiga jami'a a cikinta. A shekarar, yara tamanin da huɗu aka tura mata, jarrabawa ranar Asabar. Saura kwana biyar ta tare Levi a ƙofar cibiyar, idonta ya yi ja.

"Malam Lawi, ka san mi ag gabana," in ji ta. "In wayag ga ta ɗauke ran Asabar, soke ni za a yi, a watsa ɗiyan nan wasu garuruwa. Ka kau san yadda hanya take yanzu. Rabinsu iyayensu ba su barin su tahi, shekara ta hwaɗi ke nan. Ni ban iya roƙon kamfaninku, kai nika roƙo."

Levi bai yi mata alkawari ba, ya ce dai zai yi iya yinsa. Akwai wani ɗan littafi da yake rubuta ranar da duk sabis ya ɗauke, al'adar da ya ɗora wa kansa ba wanda ya sa shi. Ya zauna a inuwar cibiyar yana juya shafuka, sai ya ga abin da ya daɗe a gabansa bai lura ba. Tun shigowar rani, layin Wurno ba ya mutuwa sai Talata da Asabar. Inji ba ya sanin ranakun mako, amma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da ke faruwa Talata da Asabar a wannan ɓangare na fadama: ranakun da ake sako wa manoma ruwan dam ɗin Goronyo ke nan.

Washegari Talata ce. Ya bi layin wayar da ke binne a gefen magudanar ruwa, gona bayan gona, har ya iso wani rami na siminti inda aka haɗa wayoyi a cikin akwati. Ramin a buɗe yake, ruwa da laka sun cika shi taf. Murfinsa kuwa, wani falalen siminti mai nauyi, ga shi can tsaye a tsakiyar magudana yana juya ruwa zuwa cikin wata gonar shinkafa. Mai gonar, Alhaji Mode, dattijo mai fara'a, yana tsaye da fartanya yana kallon ruwansa cikin jin daɗi.

Bayan sun gaisa, Levi ya nuna murfin ya tambaya.

"Wanga dutsi?" in ji Alhaji. "Ai tun bara nika datse ruwa da shi. Na ishe shi nan bakin gona ba mai shi, nic ce gwamnati ta aje muna. Ba ni ɗai na ba, dut mai gona nan wurin shina aron shi. Ka ga ya hi buhun yashi, ko ɗigo ba ya bari."

"Alhaji, ramin ga da kaka gani, wayar Wurno dut nan ciki take."

"Wace? Ta kallon ƙwallo?"

"Har da ta jarrabawar Hassana."

Hassana ita ce 'yar autan Alhaji Mode, tana cikin yara tamanin da huɗun nan, kuma ba wanda bai san yadda yake ji da karatunta ba. Dattijon ya saki fartanya ya zauna a kan kunyar gona. Sannan ya ce, "Ashe ni na ka kashe ma ɗiyata karatu da hannuna, ina ta zagin kamfani."

Da wani ma'aikacin ne, da nan ya sami wanda zai ɗora wa laifi, ya kai ƙara ya wanke sunansa a gari. Levi ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Baba, ci gaba da zaginsu, sun cancanta. Akwatin ga ya shekara biyu da tsagewa, na rubuta takarda har na gaji, ba su aiko sabo ba. Ko mun maida murhi, in gona ta sha ruwa sai ya tsattsaho cikin ramin."

Alhaji ya ce to a hana ruwan ranar Asabar, shi zai bi manoma gida gida. Levi ya ƙi. Shinkafa ba ta daɗe da dashe ba, ga zafin bazara, kuma masu gonakin ƙasa in suka rasa ranarsu sai Talata. Ba zai ceci jarrabawa ya kashe abincin mutane ba. Suka duƙa su biyu suna leƙa ramin.

"Shin mi akwatin ga ka gudu?" Alhaji ya tambaya.

"Laima, da laka, da zahin rana."

Dattijon ya dube shi, ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "To ai albasa ta. Abin da albasa ka gudu ke nan. Mu yi mata rudu."

Wanda bai san ƙasar albasa ba sai a yi masa bayani. Rudu wani gado ne na itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa, a zuba albasa a kai, a yi masa jinka ta ciyawa, iska na ratsawa, ruwa ba ya kai gare shi, rana ba ta dukan abin da ke ciki. Levi ya zura hannu cikin laka ya laluba. Waɗanda suka shimfiɗa wayar tun farko sun bar rara a naɗe cikin ramin, wadda za ta isa a ɗaga akwatin sama da tsayin mutum. Ya ce ai kuwa zai yiwu.

Ranar Alhamis Alhaji Mode ya kira gayya. Duk waɗanda suka taɓa aron murfin nan suka zo, wasu da azara, wasu da kara, wasu da kunya kawai. Aka kafa shika-shikai, ana yi ana gardama a kan wane ne ya fi iya jinka. Matan gidan Alhaji suka aiko da fura a ƙwarya. Levi ya wanke akwatin, ya busar da shi, ya sake haɗa siraran wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya da gilashinsa a kan hanci, ya naɗe tsagin da robar tsohuwar tayar babur. Kafin la'asar an ɗora akwatin an rufe. Murfin kuwa aka bar wa manoma, tunda ramin ya tashi daga aiki. Da Levi ya aika hoto ofis, wani babba ya bugo ya ce wannan ba ya cikin tsarin kamfani. Levi ya ce cikin ladabi, ranka ya daɗe, a aiko sabon akwati sai in rushe. Har yanzu akwatin yana hanya, mai yiwuwa a cikin motar nan yake.

Ranar Asabar Levi bai je cibiyar ba. Ya zauna a gindin rudu tare da Alhaji Mode. Wajen hantsi ruwa ya iso, ya bi magudana, ya shiga gona, ya gangara ya cika tsohon ramin har ya tumbatsa. Alhaji yana ban ruwa yana waiwayen rudun yana motsa baki. Levi ya ajiye wayarsa a kan gwiwa, kunun Elisabatu ko buɗe shi bai yi ba. Tsoro yake ji, kuma bai ɓoye ba.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara. Sunan Malama Khadijatu ne. Ya zuba wa wayar ido, ya bar ta tana ta ƙara.

"Ɗauka mana, Lawi," in ji Alhaji. "In mutuwa ta ma ai sai an ji."

Ya ɗauka. Hayaniyar yara ta fara shiga kunnensa kafin muryarta. "Malam Lawi, an ƙare. Dut tamanin da huɗu. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ba wani abu na kira in ce ba, na gode kawai."

Levi ya riƙe wayar a kunne bayan ta kashe. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya ya zauna a kan kunyar shinkafa yana dariya hawaye na zuba. Alhaji Mode ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya ɗauki gorar kunun ya buɗe ya sha rabi kafin ya tuna ba tasa ba ce.

Yau rudu goma sha ɗaya ne a kan layin, daga Goronyo har Rabah, kowanne da mai gonar da ke kula da shi. In lokacin sabunta jinka ya yi, na waya ake fara yi kafin na albasa. Kamfanin bai gyaru ba, kada a yi mana ƙarya, sabis yana nan yana rarrafensa, kuma masu koke su ci gaba da koke har a ji su. Hassana tana jami'a tana karanta aikin injiniyan ban ruwa, ubanta yana cewa in ta gama ita za ta yi wa magudanarsu ƙofar gaske a huta da aron murfi. Mai shayi kuwa har gobe Ba-Sabis yake kira, sai dai yanzu da kofi a hannu yake faɗa.

Mun gode, Malam Lawi, ɗan Zuru da ya zama ɗan fadama. Ka ɗauki zagin da ba naka ba, ba ka juye shi a kan wanda ya fi ka rauni ba. Ka saurari manomi lokacin da ofis ya ƙi sauraronka. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka wa Elisabatu da ta riƙe ka da kunu da haƙuri. Masu tasowa a wannan aiki su koyi faɗin gaskiya da bin layi da ƙafa kamar yadda ka yi.

Mu kuma da ke riƙe da lambar irin waɗannan mutane a wayoyinmu, kowa ya duba tasa. Akwai wani mai gyara a ciki da ba ka taɓa kira ba sai abu ya lalace. Ka kira shi yau da komai ke lafiya, ka gaishe shi, ka tambayi iyalinsa. In ka ji ya daɗe bai ɗauka ba kada ka yi fushi, numfashi yake ja.