Donot Mai Zuma da Baƙin da Ban Gayyata Ba

Akwai wata la'asar da ko tsufa ya kwashe mini tunani kaf, ita kam ba za ta bi sauran ba. Ranar ce na soya donot mafi daɗi a rayuwata, kuma ranar ce na ga gyalena yana gudu a unguwarmu ta Magajin Gari ba tare da ni a cikinsa ba.

Lokacin ina budurwa, a gidan Babanmu cikin garin Birnin Gwari. Ba ni da abin da ya fi mini karatun littattafan soyayya, waɗanda nake haya a wani shago bakin kasuwa. A cikinsu jaruma kullum daga bene take saukowa, tana taku ɗai-ɗai, riƙe da tire mai ɗauke da donot da aka yaryaɗa wa zuma. Jarumi ya gutsura, ya lumshe ido, kafin a juya shafi iyayensa sun zo neman aure. Gidanmu babu bene, babu falo, amma na ce donot dai bai fi ƙarfina ba.

Ina kuwa da dalili. Akwai wani saurayi ma'aikacin sakatariya da ya daɗe yana zuwa wurina zance. Ya iya ɗaurin hula, ya iya zuba turare, kalamai kuwa kamar shi ya rubuta littattafan da nake haya. “Tauraruwata,” yakan ce, “ko zaki ne ya fito daga dajin nan, ta kaina zai bi kafin ya iso gare ki.” Ni kuwa sai in sunkuyar da kai ina wasa da bakin gyale, kamar yadda jarumai suke yi. Abu ɗaya ne bai iya ba, wato turo magabatansa. Har Baba ya gaji, ya ce in bai turo ba kafin azumi, to ya daina tare masa ƙofar gida da babur. Sai na yanke shawara donot ne zai ƙarasa abin da kalamai suka kasa.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Gwaggo, ƙanwar Baba wadda ta raine ni, ta ɗauki guda ta ƙwanƙwasa a jikin turmi, ta ce, “Madalla. Adana mana su, in akuyar maƙwabta ta shigo mun samu na jifa.”

Da na ga haka sai na tafi wurin Mama, wata dattijuwa Kirista da katanga ce kawai tsakaninmu, wadda take soya donot tana kaiwa bakin makarantar firamare. Ta kalli yadda nake taɓa kwaɓin da kan yatsu don kada lallena ya ɓaci, ta yi tsaki.

“Ke 'yata, fulawa ba littafi ba ce da za ki riƙa shafa ta. Murza! Sai kafaɗarki ta yi ciwo tukuna.”

Ita ta koya mini jiƙa yis a ruwa mai ɗumi, da rufe kwaɓi a bar shi ya tashi ba tare da ana leƙa shi kamar jariri ba, da fitar da da'ira da bakin kofi, a huda tsakiya da murfin kwalba. Ta ce wuta kaɗan-kaɗan, in ba haka ba waje ya ƙone ciki yana ɗanye. A ƙarshe a barbaɗa sukari, shi ke nan.

Amma ni littafi bai ce sukari ba. Zuma ya ce. Aka yi dace Kawu ya zo daga Kazage da bokiti cike da zuma, sabuwar ɗiba daga amyarsa ta bakin daji, har da saƙarta. Ranar da saurayina zai zo, tun da hantsi na matse saƙar, na tura kwanon tukar gindin katanga kusa da zaure, na bar bokitin a buɗe. Gwaggo ta ce, “Rufe abin nan, mangwaro na fure, ƙudan zuma sun cika unguwa.” Na ce to, amma hankalina yana kan kwalli.

Donot kuwa ya yi. Ya tashi fam, ya yi ja kamar zinariya, in ka danna shi ya dawo. Na jera a faranti, na kwarara zuma har tana ɗiga. Bayan la'asar ya iso, aka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida. Na fito ina taku ɗai-ɗai, ina riya cewa dakalin zaurenmu matattakalar bene ce.

Ya gutsura. Wallahi ya lumshe ido, daidai yadda aka rubuta. Zuciyata ta ce shi ke nan, an gama. Ya buɗe baki ya fara, “Tauraruwata, tun da nake a duniya...” sai ƙudan zuma guda ya sauka a kan leɓensa.

Da ya zauna shiru da ƙila ƙudan ya lasa ya tafi. Amma sai ya cire hula ya kai masa duka. Ashe 'yan'uwan ƙudan suna nan cincirindo a kan kwanon da na yasar, ga ƙamshin faranti, ga turaren da ya yi wanka da shi. Sai kawai muka ji yuuu a kanmu.

Na juya wurin jarumina, ina jiran ya tare ni da ƙirjinsa. Na ga ya miƙo hannu, har na fara jin daɗi. Ashe gyalena yake so. Ya fizge shi, ya lulluɓe kansa, ya zuba a guje yana ihu, “Wayyo Inna! Jama'a a kawo hayaƙi!” Ya bar babur, ya bar hula, ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Masu dawowa daga masallaci suka riƙa darewa, suna mamakin wace mata ce wannan mai wando da gudu haka.

Ni Gwaggo ce ta janye ni cikin zaure, Mama kuma ta zagayo da tsumma mai hayaƙi tana korar ƙudan zuman tana dariya har da hawaye. Harbi biyu na samu, ɗaya a goshi. Amma ba shi ya sa ni kuka ba. Gwaggo tana goga mini albasa tana cewa, “Yi shiru. A kan zaki ya yi miki alkawari, bai ce ƙuda ba.”

Na ce na gama da shi har abada. Na tabbata ma kunya ba za ta bar shi ya sake bin layinmu ba.

Washegari da hantsi sai ga sallama. Na leƙa, da ƙyar na gane shi. Ido ɗaya ya rufe ruf, leɓe ya kumbura ya yi kamar donot ɗin nawa, har ya fi shi tashi. Babu turare, babu hula. Yana riƙe da gyalena a wanke, a goge, a ninke. Baba yana zaune a dakali, yana ta kallon sama don kada dariya ta ƙwace masa.

Na jira in ji tauraruwa, ban ji ba. Da bakin nan nasa da ba ya rufuwa ya ce, “Tsoro na ji, na gudu. Ba ni da abin faɗa. Tun ina yaro nake tsoronsu, kuma gaskiya ko zakin ne ya zo, gudu zan yi.” Ya juya wurin Baba ya durƙusa. “Baba, in ba a kore ni ba, ranar Juma'a kawunnaina za su zo.” Sannan ya ƙara a hankali, “Kuma in akwai ragowar na jiya, ina so. Marar zuma.”

A nan Baba ya kasa riƙewa. Ni ma dariyar ta ƙwace mini ta cikin fushi. Tun da muke tare, ranar ce ta farko da ya yi mini magana da bakinsa, ba da bakin littafi ba, kuma sai na ji ta fi duk taurarin daɗi.

Kawunnan sun zo. Yau yaranmu sun girma, donot ɗina da sukari nake barbaɗa shi, maigidan kuwa in ya hango mai tallan zuma har yanzu tsallaka titi yake yi. Ban daina karanta littattafaina ba, sai dai na daina auna mutum da alkawarin da ya yi a kan tabarma. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kowa yana da abin da zai sa shi gudu. Wanda za ki riƙe shi ne wanda zai dawo da kumburarriyar fuska, ya tsaya gaban mahaifinki, ya miƙo miki gyalenki a ninke.