Goyon Hajiya a Gonar Furanni

Ni tun asali ba na son fita ranar hadari, kuma duk wanda ya zauna a Jidda ya san dalili. A unguwarmu ta Sa'alaba, ɗan ruwa kaɗan sai titi ya koma tafki. Tun shekarar da na ga ruwa yana juya motoci kamar ƙore, da na ji ƙamshin ƙasa sai gabana ya faɗi.

Maigidana direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa, ba kasafai yake samun hutu ba. Da ya samu wata Asabar, sai ya ce zai kai mu bikin furanni a wani ƙauye can saman duwatsun Ɗa'ifa, ni da yaranmu biyu da mahaifiyarsa Hajiya. Na ce masa na ji ana cewa akwai hadari a can.

"Ke ko inuwar tsuntsu kika gani sai ki ce hadari ne," in ji shi. "Yalla, maza ku shiga mota."

Da muka isa, wurin ajiye motoci ya cika. Sai ya hangi wani shimfiɗaɗɗen yashi a ƙasan gonar, tsakanin duwatsu biyu, da 'yan motoci a gindin itatuwa. Ya gangara ya tsaya. Mu mutanen birni fili muka ɗauka. Ashe busasshen kwari ne, hanyar ruwa.

Hajiya ta dubi matakalar dutsen da ake hawa zuwa gonar, ta shafa gwiwarta.

"Ku je ku gano mini. Furen da sai an hau dutse, ni na yafe."

Muka bar ta a kujerar baya.

Furannin kam sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kowane kai dunƙule guda ne kamar curin fura, wani shuɗi, wani ruwan hoda, wani fari fat. An rubuta sunansu a allo, na yi ta haɗa baƙaƙen na kasa. Muna cikin zagayawa aka soma yayyafi, sannan ya ɗan yi ƙarfi. Mutanen wurin sai murna suke, yara na buɗe baki suna tarar ruwa. Maigida ya ja yaranmu can ƙarshen gonar don ɗaukar hoto, ni kuwa na raɓe a wata rumfa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Can sai na ga wani dattijo a kan katanga yana kaɗa rawaninsa yana ihu. Maza suka fara gangarawa da gudu. Na tambayi wata mata da ke kusa da ni. Ta ce an yi ruwa mai yawa a saman dutse, yanzu zai biyo kwarin nan, kowa ya janye motarsa.

Na kira maigida, waya ba ta shiga. Na sake kira. Sai kawai na tsinci kaina a kan matakala ina sauka.

Motocin duk sun fice, tamu kaɗai ta rage. Daga nesa ana jin wani gurnani kamar na tirela mai kaya. Wani siririn ruwa ja, mai ɗauke da itace da ganye, har ya fara bi ta ƙarƙashin tayoyi. Na fizge ƙofa.

Hajiya salla take yi. Tana zaune, idonta a ƙasa, leɓɓanta na motsi. Kuma na san sallarta, ba a gaggawa.

Na tsaya cak. Tun ina makarantar allo aka koya mini ba a katse mai salla. Ban da haka, tun da aka kawo ni gidan ɗanta ban taɓa kama hannunta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, ko abinci sai na durƙusa na ajiye na ja da baya. Yau kuma ni ce zan damƙe ta tana gaban Ubangijinta?

Na tafa hannu yadda mata ke yi wa liman. Ba ta motsa ba. Sai kuma na shiga tunanin ko wanda ba ya cikin salla yana da ikon tafawa. Ta sunkuya ruku'u a hankali. Ruwan ya kai mini idon sawu, sanyi kamar ƙanƙara, ya zare mini takalmi ɗaya ya wuce da shi. Gurnanin ya matso. Sannan na ji motar ta ɗan girgiza a ƙarƙashin hannuna.

"Allah Ka yafe mini," na ce.

Na juya mata baya na durƙusa a bakin ƙofar, na jawo hannayenta bisa kafaɗuna, na warware mayafina na ɗaure ta yadda nake goya yarana. Ba ta ture ni ba, ba ta kuma daina karatu ba. Ina jin numfashinta a kunnena tana tasbihi.

Yashin yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Ruwa ya kai ƙauri, yana ja na gefe. Na faɗi a gwiwa ɗaya, na tashi. A bakin matakala wasu maza suka miƙo hannu, suka kuma janye, sun rasa inda za su kama mace. Ɗaya ya miƙo mini sandar lemarsa, na riƙe da hannu biyu ya ja. A bayanmu na ji ƙarar ruwan ya iso, duwatsu na karo da juna. Ban waiwaya ba. Na yi ta hawa har sai da furanni suka taɓa mini fuska.

A nan na ji ta juya kai dama, ta juya hagu, ta yi sallama.

"To sauke ni, 'yar nan. Ana kallonmu."

Na kwance ta na zaunar da ita a kan katanga. Maigida ya iso a guje da yara, fuskarsa ta yi fari. A ƙasa, ruwa ya jingina motarmu da itaciya, ya kai har tagogi.

Na durƙusa a gabanta. "Hajiya, ki yafe mini, na ɓata miki salla."

"Wa ya ce ta ɓaci? Alƙibla dai kin yi ta yawo da ita, gabas da yamma." Ta juya kan ɗanta. "Kai kuma uban 'yan hoto, a cikin rafi ka ajiye uwarka ka tafi kallon ganye?"

Ya juya yana duban motar.

Sai ta ga jini a ƙafata, wadda ba takalmi. Ta zaro hankicinta ta ce in miƙo. Na noƙe, kunya ta rufe ni.

"Miƙo mana. Ɗazu da kika sungume ni kamar buhun gero, izinin wa kika nema?"

Na miƙa. Ta ɗora ƙafar a cinyarta tana ɗaurewa, ruwa na zuba a kanmu.