Shekarar da Muka Kife Turmi

Da yayana ya dawo daga aikin soja, abu na farko da muka bari a gidanmu shi ne daka. Ya yi shekaru can gabas kafin a sallame shi, ya sauka a tashar Dakoro da jaka guda, jikinsa ba tabo ko na ƙaya. Washegari da hantsi na zuba gero a turmi na ɗaga taɓarya. Ban yi nisa ba sai na hango shi kwance rub da ciki a gindin rumbu, ya rufe kai da hannuwa, bakinsa duk ƙasa. Inna ta zo ta kwashe geron, ta kife turmin, daga ranar muka koma kai niƙa inji.

Gidanmu a bakin gari yake, maƙwabta ba su da yawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ce su riƙa daka in ya fita gona. Mai jin roƙo na roƙe ta, wadda ba ta ji ba na buɗe mata bakina, kuma an san bakina a unguwar.

Shi kuwa sai zama a gindin itacen bedi. In an ba shi abinci ya ci, in an manta ba ya tambaya. Bai taɓa faɗa mana abin da ya gani can ba. Matarsa ta yi haƙuri damina guda, sannan ta koma gidansu a Bader Goula. Na ga laifinta, amma ba da yawa ba. Da farko nakan shiga ɗaki in yi kuka, daga baya kukan ya ƙare, na koma ina kai masa kwano ina ɗauko kwano, ba na jin komai.

Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarmu a Roumbou, can ya girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin hannunta a jikinsa ba. “Wancan” take ce masa. In tana da magana da shi, ni take faɗa wa, ko da yana zaune a gabanta. Shi ma ba ya kiranta da komai, sai dai ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta.

Ni na ja shi gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ba shi ƙwayoyi, sannan ya ce akwai wani abu da aka koya musu a Maradi saboda irin waɗanda suka dawo daga daji. Don ya nuna mana, ya haɗa yatsu biyu ya fara bubbuga tsakiyar nasa kan a hankali, ya sauko gira, ƙasan ido, haɓa, har ƙashin wuya, yana jan numfashi yana saki.

Na ce, “Majo, wanga shi ne maganin? Mun baro aiki mun zo ka koya mamu ƙwanƙwasa kai?”

Ya ce, “Ban ce maki zai warke ba. In abin ya taso mashi, wannan na taimaka ma wasu su dawo cikin hankalinsu. In hannunshi na rawa, wanda ya yarda da shi ya yi mashi, yana kiran sunanshi.”

Akwai kalmomin da ake so mutum ya riƙa faɗa, wai ya ambaci abin da ke damunsa, ya ce duk da haka ya yarda da kansa. Yayana ya ce shi ba zai faɗi wannan ba, muka bar kalmomin a gidan likita muka taho da bugun.

Har yau ban san ko magani ba ne. Na dai san in ƙyauren kwano ya bugu ko babur ya yi tari a hanya, nakan durƙusa in yi masa, wani lokaci ya lafa da wuri, wani lokaci in yi ta bugu kamar mai gwada kankana a kasuwa. Mutane suka ce mun shiga bori, wasu suka ce sabon wuridi ne. Inna ba ta taɓa tambaya ba. Duk lokacin da na fara, sai ta ɗauki faifai ta juya mana baya tana tsince tsakuwa.

Bayan an gama yankan gero ya ce zai tafi arewa haƙar zinariya. Mun san masu lafiya ma da suka tafi ba a sake jin labarinsu ba, balle shi da wurin kullum ake fasa dutse.

Na ce, “Yaya, can za ka mutu.”

Ya ce, “Gida ya yi shiru sabili da ni. Ku tada turminku.”

Na juya wurin Inna, ina jiran ta hana shi. Ta dubi ƙasa ta ce, “Ki ce ma wancan ya tahi da bargo, an ce akwai sanyi.” Na so in yi mata tsawa, sai na ga ko ƙarfin fushi ba ni da shi. Na ɗauko bargon na naɗe.

Ranar kasuwa motar masu zuwa arewa za ta tashi. Ya rataya jaka ya kai bakin zaure, sai aka soma lugude a gidan da ke bayanmu. Haihuwa aka yi, dangi suka zo daga ƙauye dakan suna, ba wanda ya tuna ya gaya musu. Ya zube a wurin, jikinsa na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa. Maimakon in durƙusa, ƙafafuna suka kai ni gidan sunan. Na ƙwace taɓarya daga hannun wata baƙuwa, na faɗi maganganun da sai da na koma ba da haƙuri bayan kwana biyu.

Da na dawo na tarar da Inna durƙushe a ƙasa, kansa a cinyarta. Yatsunta biyu na kan girarsa. Ashe duk juya bayan nan tana kallo ta wutsiyar ido. Ba ta bi tsari ba, daga haɓa ta koma tsakiyar kai, ta tsallake ƙasan ido, kuma bugun nata ya yi ƙarfi, hannun mai daka ne. Ta ɗago ta gan ni, na zaci za ta janye, ba ta janye ba. Ta sunkuya ta kira sunansa, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya da zafi. Bai amsa ba. Ta sake kira.

Ya buɗe ido yana neman mai kiran, ya dube ni, ya dubi ƙofa, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Can ya ɗaga kai sama ya gan ta.

Ya ce, “Na'am.”

Ta ce, “Ba ka zuwa ko'ina.”

Mun ji motar ta yi ham a tasha, ta sake yi, ta tashi. Ni ina tsaye da taɓaryar mutane a hannu, ban yi kuka ba, ban ji daɗi ba, ina dai kallo. Bai warke ranar ba, turminmu kuma ya daɗe a kife bayan haka. Da yamma Inna ta zuba tuwo, na miƙa hannu in karɓi kwanonsa kamar kullum, sai ta wuce ni ta kai masa da kanta.