Gumbar da Inna Ta Daka wa Tauraro

Da Inna ta fita takabar mahaifinmu, na je Kelle na ɗauko ta zuwa gidana a Gure, ba da son ranta ba. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da na fara koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, ta bi bakin gari, take ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. A cikin mota ta ce, "Mushe, kwana arba'in zan yi maka." Na ce to. A raina kuwa na ƙudurta ba za ta koma gidan da babu kowa a ciki sai akuya biyu ba.

Sai dai gidana ba shi da aikin da za a ba ta. Ruwa na pampo ne, hatsi a inji ake niƙa shi, matata kuma ta ɗauki hidimar suruka da zafi, ko tsintsiya Inna ta taɓa sai ta zo a guje ta karɓe. Matar da ta tsufa da taɓarya a hannu ta koma zaman tabarma tana kallon bango. Fura sai ta kurɓa sau biyu ta ture kwanon. Tana ramewa ina gani, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Wata Lahadi da hantsi ina ƙarƙashin rumfa ina shirya darasi. Na kifa ƙwarya a ƙasa, na ɗaure goruba da zare ina kewaya ta da ita.

Inna ta ce, "Mushe, wasan me ne wannan da girmanka?"

Rabon da ta yi mini tambaya an fi sati biyu. Na gyara zama. Na ce ƙwaryar tauraro ce, can nesa. Gorubar kuma wata duniya ce da ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, amma iska ce zalla mai zafin gaske, babu inda mutum zai sa ƙafa. Ta matsa kusa da tauraron har tana zagaye shi cikin kwana uku da rabi.

Inna ta ce, "Ana shuka?"

"Babu ƙasa, Inna."

"Rijiya fa?"

"Babu."

"To wa ya je ya gano muku?"

Na ce ba wanda ya je, ba a ma ganinta. Duk lokacin da ta gifta gaban tauraron sai ta tare masa ɗan haske, na'ura ta ga ya dushe, daga nan aka san tana nan.

Inna ta ajiye carbinta. Ta ce, "Kama shi take yi ke nan."

Na ce kusan haka ne.

"Duk kwana uku da rabi? To wa ke yin sadaka?"

A garinmu in rana ta kama wata, maza kan tafi masallaci, mata su daka gumba a raba. Inna ba ta taɓa barin husufi ya wuce ba ta daka ba. Na ce mata iya sanina babu mai yi. Ta dube ni kamar ni na hana.

Da kanta ta yi lissafin da yatsu, abin ya faɗa Litinin da safe da Alhamis da yamma. Ban san ranar da duniyar take giftawa da gaske ba, amma na bar ta da lissafinta. Washegari kafin in tafi aiki na ji daka a tsakar gida. Ta aro turmi a maƙwabta. Matata ta zo karɓar taɓarya, Inna ta ce, "Ƴar nan, koma ɗaki. Wannan ba aikin gida ba ne."

Daga nan abubuwa suka canza. Mai daka dole ta ci abinci, sai ta fara cin tuwo har da neman ƙari. Tsofaffin unguwa suka gano ana rabon gumba, suka riƙa zuwa su huɗu, su biyar. Akwai wata da ba ta jin Hausa sosai, Inna kuma ba ta jin Barbarci, amma su biyun sun fi kowa daɗewa suna jajanta wa tauraron. Ranar kasuwa Inna takan je da ƙafarta ta zaɓo gero, don ta ce wanda nake sayowa na dawaki ne. Kwana arba'in suka cika suka wuce, ba ta ta da zancen komawa ba, ni ma ban tuna mata ba.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne girman kaina, ba zan ɗora wa kowa ba. Labari ya kai lise. Wata Alhamis abokin aikina mai koyar da lissafi ya biyo ni gida, ya tarar da tsofaffi a zaune. Ɗaya ta miƙa masa dunƙulen gumba ta ce, "Karɓi, ɗan nan, ta tauraron Mushe ce, yau ma an kama shi." Ya ci, ya suɗe hannu, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Abin da kake koya wa ƴaƴan mutane ke nan?"

Kunya ta rufe ni. Maimakon in haɗiye ta, sai na tsaya a gaban tsofaffin nan na yi darasi. Na ce babu abin da ke kama tauraron. Haskensa bai taɓa raguwa ba, mu ne daga nan muke ganin kamar ya dushe, don duniyar ta shiga tsakaninmu da shi. Shi yana can lafiya lau, bai ma san ana yi ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, na kuma faɗe shi da kyau, har abokina ya gyaɗa kai.

Inna ta ce, "Ashe ba ya buƙata."

Na ce, "Ba ya buƙata, Inna."

Ta ce, "To madalla."

Ranar Juma'a ta mayar da turmi. Ranar Asabar ta ɗaure kayanta. Na roƙe ta, matata ta yi kuka, Inna ta ce akuyoyinta sun daɗe a hannun mutane.

Lahadi na raka ta tasha. Ta shiga gaban motar Kelle ta rungume ƙullinta. Na tsaya a bakin taga, na rasa abin da zan kama, sai na ce, "Inna, gobe fa Litinin."

Ta ce, "Ai ka ce bai san ana yi ba."

Direba ya tayar da mota. Ta ce in gaida mutanen gida, in kuma daina sayen geron nan. Ta yi shekara uku a Kelle kafin ta rasu, ina zuwa duk hutu, amma ba ta sake kwana a gidana ba.