Aikin Rokia da Ba Shi da Suna

Da an idar da sallar asuba, Rokia Iro takan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron gidansu nan Zongo, ta ɗora odinata, wato kwamfuta, a cinya. Tantabarun maƙwabta na ta kukansu, ita kuwa idonta na kan wasu layukan rubutu masu launi, kamar mai leƙen tafkin Tanghin tana jiran kifi ya gifta. Ta katangarmu nake hango ta. Wani lokaci sai shayinta ya huce, can ta goge layi ɗaya, ta yi murmushi ita kaɗai.

Asalinta injiniyar lantarki ce, abin da mu a nan muke kira kuran. Ta daɗe a wata masana'anta a Kossodo, da hular kwano a ka. Mahaifinta, Alhaji Iro mai atamfa, in an tambaye shi sai ya gyara zama ya ce, "Injiniya ce, kuran take juyawa." Ranar da ta ajiye aikin ta koma koyon rubuta manhaja, sai ya daina wannan alfahari. Bai yi faɗa ba. In an tambaya dai sai ya ce, "Tana gida." Unguwa ma ta yanke hukuncinta, wai aikin da ba ya ɓata hannu ba aiki ba ne. Ni na koyar a lakwal, makarantar boko, har na yi ritaya, alli kaɗai ya taɓa ɓata nawa, don haka ban yarda ba.

Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Tanti, can sai inji ya ƙone ake kirana. Ni kuma so nake in gina abin da zai ji ciwon inji tun bai kwanta ba."

Ta kuwa gina. Matan da ke sayar da kayan lambun Tanghin suna da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, wanda yakan mutu ba sallama, latas da tumatir su ruɓe. Rokia ta rubuta masa manhajar da ke sauraron baturansa, tana aika wa matan saƙon murya a waya. Saƙon farko, ita a nufinta albishir ne: "Akwai wuta a ɗakin sanyi." Hausar fataken Kano ta ara, su da ke ce wa lantarki wuta. Sai ga mata a guje da bokitai, Salamata mai latas a gaba, ɗankwali a hannu.

"'Yar nan, kin so ki kashe mu? Wuta ai ta murhu ce da ta lahira! Bakinki ciwo zai yi in kin ce kuran?"

Rokia ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zauna cikinsu kwana da kwanaki, tana koya wa na'ura magana irin tasu, da Hausa da Mosanci. Yanzu ita ke zana tsarin manyan manhajoji, matasa na rubutawa a ƙarƙashinta.

Rokia, mai jin numfashin inji daga nesa, ke ce kika bar abin da ake taɓawa kika bi wanda sai a zuci ake ganinsa, ba ki kuma raina inda kika fito ba. Mun gode, Allah Ya ƙara buɗi. Ku kuma iyaye, kada ku jira sai aikin ɗa ya sami suna kafin ku sa masa albarka.

Kwanan baya Alhaji Iro ya tare ni a ƙofar gida. "Madam, ke da kika yi boko, me ake ce wa aikin yarinyar nan da Hausa? Salamata ta tsare ni a kasuwa tana ta godiya, na rasa me zan amsa."

Na ce ba a raɗa masa suna ba tukuna. Ya jinjina kai, ya wuce.

Jiya wani baƙonsa ya shigo zaure yana ɗaga murya. Sai na ji Alhaji ya ce, "Sassauta, Malam. Rokia na aiki."